Ƙeya Ba Ta da Suna

Duk matar da ta taɓa sunkuyar da kai a gaban Mai Kitso ta san abu biyu game da ita: hannunta da zafi, bakinta kuma ba ya gajiya da kushe waya. Tana tsaga tana wa'azi, kibiya a hannu, mataji a soke a gefen ɗankwali. In ta hango mai kai tana latse-latse a ƙasa, sai ta ɗan ja gashin fiye da yadda aikin yake buƙata.

"Yanzu ke fisabilillahi, mene ne na gaya wa duniya maigidanki ya yi tafiya? Ɓarawo bai tambaye ki ba kin ba shi amsa, har da ranar dawowa. Saura ki ɗauki hoton inda kike ajiye makulli."

Matan su yi dariya su ce, "Mama ke nan," su ci gaba da latsawa. Ita kuwa tata wayar tana rataye a wuyanta cikin wata 'yar jakar saƙa, ta manne idon kyamarar wayar na gaba da filasta don kada a leƙo ta. In za ta yi maganar sirri sai ta tura ta cikin durowa ta rufe, domin ranar da ta yi kukan ciwon gwiwa a gabanta, kafin la'asar wayar ta fara nuna mata tallan man zafi. "Abin nan yana jinmu," in ji ta, kuma ba za a ce ƙarya take yi ba. Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Minti goma ba sa cika za ta jawo durowar, ta gyara zaman tabarau, ta duba mutum nawa suka yaba hoton da ta saka da safe.

Da kitso ta buɗi ido. Yayar mahaifiyarta ce ta koya mata, rabi da baki rabi da ranƙwashi, tun tana 'yar shekara tara. Ta yi aure da wani kafinta mai sanyin hali, ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya ƙwal, wadda kowa yake kira Tilo. Da yatsu goma ta raini yarinyar nan. Tana bin gidaje da gwangwanin man kitso da 'yar kujerarta a ƙarƙashin hammata, har ta samu ta kama ɗaki a bakin titi. Shekara talatin ta yi a ɗakin nan, a garin da ta tashi, ba ta taɓa kafa allon talla ba. Kan mace shi ne allonta. A taro za a dubi ƙeyar wata a ce, "Wannan hannun Mai Kitso ne," kuma ba a kuskure.

A cikin matan da take yi wa kitso a wancan garin akwai wata budurwa mai surutu, wadda take da ɗan farin gashi a ƙeya ta ɓangaren hagu, bai fi faɗin farce ba, kamar an ɗiga madara. Gado ne a gidansu, maza da mata. Budurwar tana jin kunyarsa. Mai Kitso ta yi ta gwaji har ta gano dabara: in tsaga ta iso wurin, sai ta lanƙwasa ta kamar ƙugiya, ta tura farin a ƙarƙashin kitson, ya ɓace ɓat. Shekara takwas tana yi mata haka. Ta dalilin budurwar nan ne yayanta, wani direban babbar mota, ya ga Tilo, ita ma ta gan shi ta ce ta ji ta gani, aka ɗaura aure.

Direba mutum ne mai iya gaisuwa. Har ƙasa yake durƙusawa ya gaida Mai Kitso, muryarsa ƙasa-ƙasa. A cikin ɗaki ne hannunsa yake da sauri. Tilo ta ɓoye abin shekara shida, sai ranar da ta kasa ɗaga kai a yi mata tsifa uwar ta ga wuyanta. Aure ya mutu, da 'yarsu ɗaya mace, mai ɗan farin gashi a ƙeya ta ɓangaren hagu. Direba ya ce 'ya tasa ce, ya kai ƙara kotu, aka aiko da ranar zama. Tilo ta firgita. Wata ta ce mata za a ƙwace, wata ta ce ba za a ƙwace ba, ita kuwa ba ta tsaya jin ta bakin alƙali ba. Cikin kwana biyu suka haɗa nasu ya nasu, suka karya layukan wayarsu, suka shiga mota zuwa wani babban birni inda ba su san kowa ba. Abu ɗaya ne ya kai su can, kada a raba su da yarinyar.

Tilo ta samu aiki a wani gidan wanki da guga. Mai Kitso ta kama wani lungu a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin kemis mai koren ƙofa da shagon masu buga takardu. Madubi ɗaya, benci ɗaya, fanka mai kukan kwaɗo. Wata biyu tana zaune tana korar ƙuda. A birnin nan babu wanda ya san hannunta, mata suna wuce ta da kawunansu a tsefe ko kallon lungun ba sa yi. Matar da take tsaron kemis ce ta leƙo wata rana ta ce mata, "Mama, zamanin nan a waya ake neman mai kitso. In ba kya ciki, ba kya gari."

Da Tilo ta ji maganar sai ta ajiye cokali. "Mama, kin san abin da ya kawo mu nan."

"Na sani mana. Ni yarinya ce?"

"Ban da fuska. Ban da suna. Ban da sunan titi. Sannan ita," ta nuna 'yarta da baki, "ko inuwarta kada ta shiga."

"Ke, wa yake neman fuska a wurin mai kitso? Ƙeya kawai zan riƙa ɗauka. Ƙeya ba ta da suna."

Daga nan maganar ta zama takenta. Duk matar da ta noƙe ta ce ba ta son a ɗauke ta, sai Mai Kitso ta juya mata kai ya fuskanci bango ta ce, "Kwantar da hankalinki, 'yar nan, ƙeya ba ta da suna." Ta buɗe shafi a dandalin sada zumunta ba da sunanta ba. A jikin kowane hoto takan buga lambar wayarta ɓaro-ɓaro a tsakiya, saboda ta taɓa ganin wata ta saci aikinta ta ce nata ne, abin ya yi mata ciwo har ta kasa cin abinci. Adireshi kuwa ba ta rubutawa. Sai wadda ta nemi zuwa take yi wa kwatance da murya, ita kaɗai.

Abin ya karɓe ta. Benci ya cika, har ana tsayuwa a matakala. Kuma a faɗi gaskiya, ba abin sawa a baki kaɗai ya riƙe ta a wayar ba. Mace ce da ta shekara hamsin tana sunkuye a kan kawunan mutane, iyakar godiyarta "ya yi kyau" a bakin ƙofa. Yanzu ga waɗanda ba ta taɓa gani ba suna rubuta, "Allah ya yi wa hannun nan albarka." Takan karanta a hankali, tana bin kalmomin da yatsa, ta sake karantawa. Daɗin abin ya shige ta har ƙashi. Tsoron ma bai bar ta ba, kullum da shi take tashi, amma tsoro da daɗin suka saba da juna suka zauna a ƙirji ɗaya, babu mai korar wani.

Jikar tata ta kai shekara bakwai. Ita da kakarta "Ƙawata" suke kiran juna, suna faɗa a kan wa ya fi wani kyau. In ta taso daga makaranta, a shagon take yini har uwarta ta tashi daga aiki, tana zaune a kan buhun tsummoki tana aikin gida, tana gyara wa kakarta lafazi. Gashi gare ta cike da kai, baƙi wuluk, mai laushi, irin wanda mai kitso take mafarkin samu. Da 'yan ajinsu suka fara kiranta tsohuwa saboda ɗan farin nan, sai Mai Kitso ta tuna tsohuwar dabararta. Ta lanƙwasa tsaga kamar ƙugiya, farin ya ɓace. Ko Tilo ta ji daɗi, domin ita ma ba ta son ganin abin da yake tuna mata da gidan can.

Wata Asabar da safe aka tashi da ruwan sama, babu wadda ta zo. Mai Kitso ta zaunar da jikar ta ce yau sai ta ga iyakar hannunta. Awa huɗu tana yi, ƙanana siri-siri, suna tafiya suna haɗuwa suna rabuwa, babu wanda ya fi wani kauri. Da ta gama ta ja da baya ta duba, ita kanta sai da ta riƙe baki. Tun da take ba ta taɓa yin kamarsa ba, ta kuma san gwiwa da ido ba za su bar ta ta sake yin irinsa sau da yawa ba.

"Ƙawata, ki sa ni a waya mana," in ji yarinyar. "Kowa kina sawa ban da ni. Ko kishi kike don na fi ki gashi?"

"Ja can, mai kai kamar tulu. So kike uwarki ta cinye ni ɗanya?"

"Ai ke kika ce ƙeya ba ta da suna."

Mai Kitso ta ajiye mataji. Ta juya kan yarinyar ya fuskanci bango, ta ɗauka, wai don ta ajiye wa kanta. Sannan ta zauna tana duban hoton. Babu fuska. Babu rigar makaranta. Bango ne fari fat, irin wanda yake ko'ina a duniya. Ta buɗa hoton da yatsu biyu ta leƙa ƙeyar, ko silin fari ɗaya bai fito ba. Ta yanke kunnuwan, ta yanke wuyan. Sau uku tana dubawa, kamar mai neman allura. Ta buga lambarta a tsakiya, ta ce bismillah, ta saka.

Kafin la'asar hoton ya yi tafiyar da babu wani nata da ya taɓa yi. Wannan ta tura wa waccan, shafukan kwalliya suka ɗauka, wayar ta yi ta ƙara a wuyanta har ta ɗau zafi. A wurin aiki Tilo ta gani, a wayar wata abokiyar aikinta da ta miƙo mata tana cewa, "Dubi wani ikon Allah." Uwa ba ta buƙatar fuska. Ta bar guga a kan rigar mutane ta taho.

"Mama, me na ce miki?"

"Duba da kyau, Tilo. Nuna min abu ɗaya da zai sa a gane ta."

"Ni na gane ta."

"Ke kika haife ta."

"Shi ma shi ya haife ta. Ki goge."

Ta goge a gabanta, tana gunaguni. Amma magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi ta. Nata kaɗai ta goge. Sauran suna can a shafukan da ba ta san adadinsu ba, kowanne da lambarta a tsakiya.

Mako ɗaya suka yi ba sa cin abinci da daɗi. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai Mai Kitso ta leƙo daga ƙarƙashin matakala. Mako biyu, uku, wata guda, shiru. Tilo ta fara dariya kamar da. Mai Kitso ta koma wa'azinta, har da ƙarin misali: ita da ta san kan abin ma ta kusa yin kuskure, balle su.

A cikin wata na biyu wata mata ta turo saƙon murya. Murya mai daɗi, mai ladabi, baƙuwa. Ta ce ta ga wani kitso na yarinya da ya yi yawo kwanaki, tana so a yi wa 'yarta irinsa sak, ko ina ne za ta zo. Irin saƙon nan Mai Kitso tana samun goma a yini. Ta danna ta fara kwatance, ita da ta iya kwatance kamar ta ɗauke ka ta kai ka.

"In kin sauka a shataletale, ki miƙe ta hannun dama. Za ki wuce gidan mai, za ki wuce wani bene da ba a gama ba. Sai ki ga kemis mai koren ƙofa. To ki leƙa ƙarƙashin matakala, ina nan kamar an dasa ni."

Matar ta yi godiya. Ta ce matsala ɗaya, 'yar tata matsoraciya ce, ba ta zama a taɓa mata kai sai ta ga wata yarinya a wurin. Ko mai kan nan na hoto tana zuwa shagon?

"Ai jikata ce," in ji Mai Kitso, har da 'yar dariyarta ta alfahari. "Kullum in an tashi makaranta tana nan. Ki kawo ta, za su yi wasa."

Ta tura, ta mayar da wayar cikin jaka, ta ci gaba da tsagar da take yi. Ko ɗar ba ta ji ba. A ranar ma sai da ta yi wa wata faɗa don ta saka hoton katin asibitinta.

Ranar Laraba da la'asar tana yi wa jikar sabon kitso. Ta gama ɓangaren dama, na hagu yana tsefe, ɗan farin nan a fili yana jiran a binne shi. Sai aka yi sallama. Mai Kitso ta amsa ba ta ɗago ba, ta ce a zauna a benci.

"Sannu da aiki, Mama."

Muryar ce ta sa kibiya ta tsaya. Budurwar nan ce mai surutu ta wancan garin, ƙanwar Direba, ta zama babbar mace ta yi jiki. A bayanta Direba ne durƙushe a bakin matakala yana gaisuwa, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar kullum. Gefensa wani mutum da jaka a hammata, da ɗan sanda ɗaya yana duban agogo.

"Wa ya nuna muku nan?" Abin da ya iya fita daga bakin Mai Kitso ke nan.

"Ke mana, Mama. Wata aminiyata ce na sa ta tambaye ki, kika yi mata kwatance tiryan-tiryan."

"Babu fuska a hoton nan. Babu farin gashi. Na duba."

Ƙanwar Direba ta ɗan zame ɗankwalinta, ta juya, ta dafa ƙeyarta ta hagu. "Ba farin na gani ba. Ƙugiyar na gani. Shekara takwas kina lanƙwasa min tsagar nan a daidai nan. Wa ya iya ta in ba ke ba? Kuma kan wa za ki yi wa ita, in ba mai abin ɓoyewa a wurin ba?"

Mai jakar ya ciro takarda ya karanta. An yi zama, an kira uwar yarinya sau uku ba ta zo ba, an yanke hukunci a bayanta. Riƙon yarinya ya koma hannun uba. In suna da magana, ƙofar kotu a buɗe take, a can garin. Ya faɗi abin a gajiye, da alama ba yau ya fara karanta irinta ba.

Mai Kitso ta kira Tilo, wayar tana ta ƙara ba a ɗauka ba, domin a gidan wankin a cikin akwati ake kulle wayoyin ma'aikata. Ta roƙi Direba ya jira uwar ta zo. Ya ce, kansa a ƙasa, hanya da nisa, Mama, ga takarda kuma. Ta dubi kan yarinyar. Duk abin da ya kamata ta faɗa ya gudu, sai na sana'a ya rage.

"To ku bari in ƙarasa mata. Rabi ne ya saura. Ba a fita da yarinya da rabin kai."

"Za a ƙarasa mata a can," in ji ƙanwar Direba, ta ɗaura wa yarinyar ɗankwali.

Yarinyar ba ta yi kuka ba da farko, ba ta gane ba. Sai da aka kai ta bakin mota ta waiwayo. "Ƙawata, ba ki gama ba fa!" Aka rufe ƙofa. Mai Kitso ta bi motar har gidan mai da gwiwar nan tata, ba takalmi, kibiya a hannu. Mai tsaron kemis ce ta je ta kamo ta.

Da Tilo ta iso ta ji yadda aka yi, ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi. Ta zauna a kan buhun tsummokin, ta ɗauki littafin aikin gida da aka bari a buɗe, ta rufe shi. Can ta ce, "Ashe tana da suna, Mama." Ba ta sake tayar da maganar ba har yau.

Masu iya magana sun ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Mai Kitso ta shekara hamsin tana kallon ƙeyar mutane, ta san kowace irin ƙeya, ban da wannan.

Tilo ta koma wancan garin ta shiga zaryar kotu. Gudun da ta yi shi aka riƙa ɗora mata a kowane zama. A ƙarshe aka ba ta izinin ganin 'yarta sau biyu a wata, a tsakar gidan uban, da mutum a zaune kusa. Ta kama ɗaki a can don kada ta rasa ko ɗaya. Mai Kitso ta ce za ta tattara ta biyo ta, Tilo ta ce, "Ki zauna tukuna, Mama." Tukunan nan yau shekara biyu ke nan. Takan kira ranar Juma'a ta ce lafiya lau, yarinya lafiya lau, tana gaishe ki. Sau ɗaya Mai Kitso ta yi ƙarfin hali ta ce ko za ta turo mata hotonta. Tilo ta ce, "Ba na tura hoto a waya, Mama." Babu gatse a muryarta, shi ya sa abin ya fi zafi.

Ta yi niyyar fasa wayar. Har ta ɗora ta a kan dakalin kemis ta ɗauko dutse. Sai ta tuna ƙanwar Direba irin matan nan ne da ko atishawa suka yi sai sun saka, kuma yarinyar a hannunta take. Ta ajiye dutsen. Ta nemo shafin matar, ga jikarta kuwa: ta yi tsawo, haƙoran gaba sun fito manya, tana tsaye a jikin mota, tana riƙe da kofi, tana murmushin da aka ce ta yi. Abin da ta yi ta hana mutane yi, shi ya zama tagar da take leƙen jininta. Kullum da safe kafin ta share shago sai ta duba. Duk hotunan ta gaba ne. Ita kuwa ƙeyar take son gani, don a nan ake sanin ko ana kula da yarinya.

Bayan wata bakwai ta samu. An ɗauki yarinyar ta baya tana wanke kwano. Kitson manya ne guda shida, an ja su kamar ana ɗaure kaya, gashin gefen wuya duk ya cinye, ɗan farin nan a waje tsirara. Mai Kitso ta yi kuka a gaban mai kai, ba ta ɓoye ba. Ta san bai kamata ta yi magana ba. Ta saka wayar a durowa ta rufe. Minti goma ba su cika ba ta ciro ta, ta rubuta a ƙarƙashin hoton da yatsa ɗaya: "Don Allah a rage ja, a riƙa sa mata mai. Kanta ba ya son zafi."

Kafin ta gama kan da yake gabanta an toshe ta. Ta gwada da wayar mai tsaron kemis, ta tarar an kulle shafin gaba ɗaya, sai wanda aka sani.

Washegari ta ɓanɓare filastar da take idon wayar. Ta saka fuskarta a shafin, ta rubuta sunanta cikakke da na mahaifinta, da sunan titi, da shataletale, da kemis mai koren ƙofa. Mai tsaron kemis ta ce, "Mama, ke da kike mana faɗa?" Ta ce, "Me ya rage da za a ɗauka?" Lissafinta shi ne yarinya ba ta dawwama a yarinya. Wata rana za ta riƙe waya, za ta nemi kitso kamar kowace mace, kuma in ta nema dole ta tarar da ƙofa a buɗe. Ko za ta tuna, ko za a bar ta, ko gwiwa da ido za su kai lokacin, wannan Mai Kitso ba ta tambayar kanta da ƙarfi.

Tana nan har yanzu a ƙarƙashin matakalar. Wa'azin bai mutu ba, sai dai ya rage kaifi. Takan ce wa mai latse-latse, "Ki yi hankali, 'yar nan, abin nan ba ya mantuwa," matar ta ce to, ta ci gaba, ita ma ta juya mata kai ta ɗauka. Kowane kai yanzu, da fari ko babu, in tsaga ta iso ƙeya ta hagu sai ta lanƙwasa ta kamar ƙugiya. A ƙarƙashin kowane hoto kuma kalma uku take rubutawa, ba ta canzawa: "Ƙawata, saura rabi."

Mutanen waya sun ɗauka sunan kitson ke nan. Har daga wasu unguwanni ake zuwa, a leƙo ƙarƙashin matakala a ce, "Mama, saura-rabi nake so, irin na hoto." Sai ta duba fuskar mai maganar da kyau, ta duba tsawonta, ta ce ta juya ta cire ɗankwali. Ta duba ƙeyar. Sannan ta nuna mata ƙasa ta ce, "Zauna."